Daga Rumfar Ɗan Kasuwa: Ina Baƙo Zai Samu Ɗanyen Itacen Sassaƙa Cokali?

  

Yau zancen itace za mu yi. Ba na girki ba, ba kuma katakon rufi ba. Ɗanyen itace nake nufi, wanda aka sare jiya ko yau, irin wanda mutum zai zauna da shi a inuwa ya fitar da cokali ko koshiya ko muciya. Tun da na taɓo maganar sana'o'in hannu da ya kamata mu riƙa koya wa yaranmu lokacin hutu, saƙonni suka yi ta shigowa, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce: to Malam, wuƙa dai ga ta a kasuwa, gatari ma maƙeri zai ƙera mana, amma itacen fa? Mu da muke haya ɗaki biyu a cikin birni, a ƙasar mutane, ba gona ba daji, ina za mu same shi?

Wannan tambaya ba ƙarama ba ce. A gida, in kana son reshe, gonar babanka ko ta kawunka za ka shiga ka saro, ba mai ce maka don me. A nan kuwa kai baƙo ne. Reshe ɗaya da ka sara ba izini zai iya kai ka gaban 'yan sanda ko fadar sarkin gari, ya kuma shafa wa zango duka baƙin jini. Haka nan itacen da ba ka san shi ba zai iya zama guba a tukunyar iyalinka. Don haka mu bi abin a hankali.

Me ya sa sai ɗanye?

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mun saba jin maganar wajen tarbiyyar yara, amma masassaƙa ne suka fi kowa sanin gaskiyarta. Bishiyar da aka sare yanzu cike take da ruwa. Kashi ɗaya cikin uku na nauyinta, wani lokaci har rabi, duk ruwa ne. Ruwan nan shi ke sa jijiyoyin itacen su yi laushi, wuƙa ta riƙa tafiya kamar ana feraye doya. Da zarar ya bushe sai ya koma kamar ƙashi: wuƙa ta dakushe, hannu ya yi kanta, yaro ya riƙa danna wuƙa da ƙarfin tsiya. Wajen dannawar nan wuƙa ke zamewa ta sami yatsa. Kun ga ke nan neman ɗanyen itace ba ƙyale-ƙyale ba ne, kariya ce ga hannun mai koyo.

Sai dai ɗanyen yana da nasa hali. Yayin da ruwa ke fita, itace yana tsukewa, kuma ba daidai yake tsukewa ba. Ruwa ya fi saurin fita ta bakunan da aka yanka, kusan ninki goma a kan yadda yake fita ta jikin ɓawo, shi ya sa tsagewa kullum daga baki take farawa. Sannan tsukewar da yake yi ta kewaye ta kai kusan ninki biyu na wadda yake yi daga ɓawo zuwa tsakiya. Wannan ne dalilin da ya sa gungumen da aka bari a dunƙule yake darewa tun daga ɓargon tsakiyarsa. Ƙa'ida ta farko ke nan: kada ka bar ɓargon tsakiya a jikin cokali. Ka tsaga gungumen biyu, ka kankare ɓargon, kowane ɓari ya ba ka nasa cokalin.

Yaya za ka gane ɗanye ne? Ɗaga shi, za ka ji nauyin da ya fi girmansa. Kanga bakin a kumatunka, za ka ji sanyi. Karce ɓawon da farce, in ka ga kore-kore da danshi a ƙarƙashi, to da sauran rai. Ƙwanƙwasa shi da bayan adda: busasshe yana amo, ɗanye kuwa ƙaramar ƙara yake yi dum-dum. In ka ga 'yan tsage-tsage a baki, yanke kamar faɗin yatsu huɗu ka duba. In ciki lafiya lau ne, ɗauka.

Inda ake samu

Abu na farko da zan faɗa: mai sassaƙa cokali ba ya bukatar sare bishiya. Ko kusa. Reshe mai kaurin damtse, tsawonsa santimita 40, zai ba ka cokula biyu, in ya ɗan fi kauri har huɗu. A kowane birni kullum ana sare rassan da suka ishi masassaƙa ɗari, a ƙarshe a ƙone su ko a kai bola. Aikinka shi ne ka san lokaci, ka san mutane.

Na ɗaya, iskar farkon damina. A nan Kumasi, watan Maris da Afirilu ne ruwa ke zuwa da iska mai karya rassa da tuge bishiyoyi. 'Yan uwa na Yamai da Maraɗi da Garwa, naku lokacin wajen Mayu da Yuni ne. Washegarin irin wannan dare, ka fita da sassafe da zarto da buhu. Amma ka tuna, bishiyar da ta faɗi ma tana da mai ita. Yi sallama ka tambaya. Yawanci murna za a yi, don ka rage wa mai gida aiki.

Na biyu, masu rage rassa. Ma'aikatan wutar lantarki, ECG a Gana ko NIGELEC a Nijar, sukan bi layi suna datse rassan da suka kusa waya, haka ma ma'aikatan hukumar birni. In ka ji ƙarar injin yankan itace a unguwa, bi ƙarar. Tsaya nesa har su gama, ka gaishe su, ka saya musu ruwan leda, ka roƙi guntu biyu ko uku. Kada ka kuskura kai ko yaronka ku taɓa reshen da ke jingine da waya, ko da an ce an ɗauke wuta.

Na uku, mai injin unguwarku. Kowace unguwa tana da mutumin da ake kira in mangwaro ya yi barazana ga rufin kwano. Wannan mutumin ya fi kowa amfani a gare ka. Ba shi lambar wayarka, ka ce masa duk ranar da zai yanka mangwaro ko gwaiba ko lemu ya kira ka. Haka masu gadin makarantu da asibitoci da masallatai da coci-coci, su ne suka san ranar da za a yi aski ga bishiyoyin harabarsu.

Na huɗu, filayen gini. Gefen gari, inda ake share fili don aza harsashi, ana ture bishiyoyi a tara su gefe. Nemi mai fili ko shugaban leburori ka yi magana da shi.

Na biyar, manoman da muke ciniki da su. Mu 'yan goro muna da wata dama da ba mu lura da ita ba. Shekara da shekaru muna shiga ƙauyukan Asante da Ahafo sayen goro, mun san manoma sun san mu. Tsohuwar bishiyar goro da ta daina haihuwa sukan sare ta, kuma itacen goro yana sassaƙuwa, mutanen kurmi sun daɗe suna yin kayan gida da shi. Masu lambun lemu da mangwaro su ma suna rage rassa bayan sun tsinke 'ya'ya. In ka je awo, tambaya kawai za ka yi, a ɗora maka guntaye a kan kaya. Rassan koko dai ban cika so ba, sirara ne, ga feshin magani da ake yawan yi musu.

Na shida, masu itacen girki da masu gawayi. Matan da ke sayar da itace a bakin kasuwa sun fi son busasshe, ɗanye yakan zame musu kaya, don haka da araha za su ba ka in ka ce a ware maka daga sabon lodi. Direbobinmu masu bin hanyar Techiman da Kintampo, inda ake yawan ƙona gawayi, za su iya taho maka da guntu ɗaya ko biyu, amma ka ja musu kunne kan irin itacen da za su karɓa, zan zo kan wannan.

Na bakwai, masassaƙan gari. Wanda ke Kumasi ya hau mota zuwa Ahwiaa a kan hanyar Mampong, garin da ya shahara da sassaƙa kujerun Asante. Suna aiki da wani farin itace mai laushi da suke kira sese. Guntayen da suka faɗo daga kujera ɗaya sun isa yaro ya yi mako yana koyo. Ko ba ka samu itace ba, zaman awa ɗaya kana kallon yadda suke riƙe gizago karatu ne.

'Yan uwa na arewa kuwa, naku ya fi sauƙi. Lokacin sassabe, kafin ruwa ya sauka, manoma suna rage rassa. A ƙasar Maraɗi, tun 1983 aka fara abin da ake kira sassaben zamani, inda manomi ke barin tohon kututture ya zaɓi biyu ko uku ya raina, ya datse sauran. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana cikin waɗanda suka assasa shi, kuma an ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da bishiyoyi kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Rassan da ake datsewa ɗin nan su ne abin nemanka, ba tare da an kashe bishiya ko ɗaya ba. Makiyaya ma da rani suna saro rassa don dabbobi su ci ganye. In awaki sun gama da ganyen, sandar ta mai gona ce, shi za ka roƙa.

In kana zaɓe a cikin tarin rassa, kada ka tsaya ga miƙaƙƙu kaɗai. Nemi inda reshe ya yi gwiwa. Wannan lanƙwasar ita ce wuyan koshiya da Allah ya riga ya tsara, jijiyar itacen ta bi lanƙwasar, don haka ba ta karyewa a wuya ko da an sa ta cikin tuwo mai tauri. Amma guji wurin da ƙulli ya yi yawa, da reshen da ya murɗe kamar igiya.

Wane itace?

Ga mai koyo, malaina ce gaba. Tana da laushi, ba ta da ɗaci, ba ta cika tsagewa ba, ga ta ko'ina tun daga Kaduna har Kumasi. Mangwaro ma yana da kyau, shi ne ya fi saukin samu a birane, sai dai ƙwari suna son sa, kada ka bar shi ya daɗe. Ruwan jikinsa yakan sa wa wasu ƙaiƙayi, a wanke hannu bayan aiki. Gwaiba da lemu su ne na fi so ga cokalin ci: naman itacensu a matse yake, suna yin santsi, ba sa shan miya.

Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina ko bedi, daga Indiya Turawa suka kawo ta, yau ga ta ta cika titunan Tamale da Yamai da Marwa da Njamena. Tana yin muciya mai ƙarko, gara ma ba ta cika kusantarta ba. Ɗacinta yana raguwa in an tafasa muciyar an wanke sau biyu ko uku kafin a fara aiki da ita. Aduwa kuwa ba sai na gabatar da ita ba, duk wanda ya riƙe allo ya san santsinta. Magarya da kurna da kanya duk suna yin cokali mai daɗewa, sai dai suna son hannu mai ƙarfi. Ƙirya da marke a bar wa manya, taurinsu na turmi ne da ƙota.

Akwai waɗanda ba su da illa amma wahalar banza ce. Rimi da kuka laushinsu ya yi yawa, kamar soso suke, su sha miya su riƙe wari. Tik yana dakushe wuƙa nan da nan.

Sai waɗanda za a guje wa ɗungurungum. Samberu guba ne, makiyaya sun san abin da yake yi wa dabba. Tumfafiya da kariya ma haka. Akwai wani furen ado mai siraran ganye da fure ja-ja ko fari da ake shukawa gaban otal da ofisoshi, masu Turanci na ce masa oleander, masu Faransanci laurier-rose. Komai na jikinsa guba ne, har hayaƙinsa. Ruwan jikin kashu yana ƙona fata. Ƙa'idata ita ce, duk itacen da na yanka ya fitar da farin ruwa kamar nono, ajiye shi nake yi, sai in masassaƙan wurin sun tabbatar mini da shi suke yin kayan abinci tun kaka da kakanni, kamar sese. Duk itacen da ba a san sunansa ba kuwa, ba ya shiga tukunya. Matambayi ba ya ɓata. Tsohuwa mai itacen girki ta fi littafi sanin bishiyoyin ƙasarta.

Mu 'yan kasuwa akwai wani tarko da ke jiranmu: katakon da ake ɗora kaya a kai daga tashar jiragen ruwa ta Tema ko Lome ko Kwatano ko Duwala. Yana da yawa, kyauta ne, sai mutum ya ce bari in gwada. Na farko dai busasshe ne. Na biyu, duba hatimin da ke jikinsa. In ka ga HT, da zafi aka gasa shi; in ka ga MB, an yi masa hayaƙin maganin ƙwari mai guba. Ko mai HT ɗin ma ba ka san abin da ya zube a kansa cikin kwantena ba. Haka tsohon turken wutar lantarki da katakon da ya yi kore-kore, duk an jiƙa su da magani. A kasuwar katako irin ta Sokoban ma, fararen katakai masu laushi kamar wawa akan tsoma su a magani don kada su yi baƙi. Waɗannan na benci ne da rufi, ba na bakin ɗan Adam ba.

Doka da ladabin baƙunta

Nan ne nake so mu buɗe kunne sosai. A Gana, tun dokar 1962, bishiyoyin katako da suka tsiro da kansu suna hannun gwamnati ne, ko da a cikin gonar mutum suke. Wato manomi zai iya ba ka reshen lemun da ya shuka da hannunsa, amma ba shi da ikon sayar maka da odum ɗin da ya tarar a gonar. Tun 1998 kuma doka ta hana tsaga katako da injin hannu don sayarwa. Gandun daji na gwamnati ba a shiga ɗibar ko da sanda sai da takardar hukumar gandun daji. A ƙasashen da ke Faransanci, jami'an Eaux et Forêts ne ke wannan aiki, kuma a Nijar gawo yana cikin bishiyoyin da doka ta kare.

Madobiya, wadda 'yan katako ke kira kosso, kada ka karɓe ta ko kyauta aka ba ka. An yi mata sarar rashin imani ana lodi zuwa ƙasar Sin, har aka sa ta cikin jerin yarjejeniyar CITES a 2017, a 2022 kuma aka dakatar da cinikinta tsakanin ƙasashe. Gana ma ta haramta sararta. Jami'in da ya same ta a motarka ba zai tsaya jin cewa cokali za ka yi ba. Kaɗanya da ɗorawa kuwa, ko doka ba ta yi magana ba, abincin mata da marayu ne a arewa, mai mutunci ba ya sa musu gatari.

Bayan dokar gwamnati akwai ta gari. A ƙasar Asante kusan kowane ƙauye yana da kurmin da ba a shiga, inda kakanninsu ke kwance ko inda suke al'adunsu. A wurare da yawa ba a aikin gona ranar Alhamis, sannan ga ranar Akwasidae da ke zagayowa duk kwana 42. Ba addininmu ba ne, amma ƙasarsu ce, kuma da amana aka ba kakanninmu wurin zama. Na taɓa ganin saurayi ɗan zango da ya shiga irin wannan kurmi ya saro sanda ɗaya tak. Sai da dattawanmu suka kwashi jiki zuwa fada, aka yanka tarar tunkiya da kwalaben barasa. Ku duba irin kunyar da ke cikin a ce Musulmi su haɗa kuɗin wannan, duk saboda sandar da in ya roƙa a gidan maƙwabci kyauta za a ba shi.

Roƙon ma yana da hanya. Ni dai in zan je, nakan riƙe goro biyu ko uku. In yi gaisuwa da harshen mai gida, ko da maakye da mepa wo kyɛw ne kaɗai na iya, in faɗi abin da zan yi da itacen, in ɗauki daidai bukatata, in share wurin kafin in tafi, in ce medaase. Bayan mako biyu sai in aiki yaro ya kai wa uwargidan cokali ɗaya daga itacen gidanta. Wallahi wannan cokali ɗaya ya fi kuɗi aiki. Gobe in za su yanka wata bishiya, su za su aiko a kira ka.

Masu ƙetare iyaka kuma, kada ku ɗora gungume da ɓawonsa ku ce za ku kai gida. Jami'an iyaka suna tambayar takardar itace, kuma suna tsoron ƙwarin da ke ɓuya a ɓawo. Sassaƙa a inda ka samu, ka tafi da cokulanka tsaraba.

Yadda za a adana

Ka samu itace, to saura kada ya lalace kafin ka samu sukunin zama, don ɗan kasuwa ba kullum yake da lokaci ba. Yanka shi ya fi tsawon cokalin da kamar santimita 10 a kowane baki, don in ya tsage ka yanke. Bar masa ɓawonsa. Narka kyandir ka shafe bakunan biyu, ko ka shafa gam ɗin kafinta ko ragowar fenti, tunda wurin za a yanke daga baya. Ajiye a inuwa, a kan duwatsu ko bulo, ba a ƙasa ba saboda gara.

Daga nan sai ka duba ƙasar da kake. A arewa, musamman da hunturu, iska tana iya tsaga itace cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka sa shi a leda ka ɗaure. A kurmi irin Kumasi da Duwala matsalar ba bushewa ba ce, fumfuna ce. In ka sa a leda, ka riƙa buɗewa kullum ya sha iska, kuma ka yi ƙoƙari ka gama da shi cikin mako biyu ko uku. In zai wuce haka, nutsa shi a durom na ruwa ka danne da dutse, ka riƙa canja ruwan bayan kwana uku ko huɗu. Durom ɗin a rufe shi ruf, saboda sauro da kuma ƙananan yara. Uwargida mai sana'ar ƙanƙara, in akwai ɗan wuri a firiza, guntu biyu ko uku a cikin leda za su yi watanni suna nan ɗanye.

In ka sassaƙa cokalin ya fito, kada ka shanya shi a rana. Ka tabbata kaurinsa ya yi daidai, ba wani wuri dunƙule wani wuri siriri ba. Naɗe shi a tsohuwar jarida tare da ɓarɓashin sassaƙar, ka ajiye a ɗaki mako ɗaya ko biyu ya bushe a hankali. Sannan ka bi shi da wuƙa mai kaifi ka gyara, ka goge da samfefa ko da ganyen ɓauren nan mai kaushi da Asante ke kira nyankyerene, ka shafa man kaɗe ko man kwakwa. Man gyaɗa yakan yi wari in ya daɗe.

Me za a samu?

Wani zai ce, duk wannan wahala a kan cokalin da ake sayar da na roba da ƙwandala? To ɗan uwa, tambayi uwargida sau nawa cokalin roba ya narke mata a bakin tukunya, sau nawa kuma na ƙarfe ya kankare mata tukunyar zamani. Leƙa zango da safe ka ƙirga masu koko, da masu waakye, da masu tuwon zafi, da masu banku. Kowacce tana bukatar muciya da koshiya, kuma kayan nan suna cinyewa, ana sake saye. Ba na ce za a gina gida da kuɗin cokali ba. Amma yaron da ya sayar da muciya biyar da ya sassaƙa da hannunsa ya san daɗin guminsa, kuma wanda ya ɗanɗana wannan da wuya ya koma zaman bakin titi.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗin. Yaranmu da aka haifa a nan, da yawansu ba su san bambancin aduwa da magarya ba, ba su kuma san bishiyoyin ƙasar da suke ciki ba. Yaron da ka aika neman itace dole ya koyi sunayen bishiyoyi da harshe biyu, dole ya koyi sallama da roƙo da godiya a ƙofar wanda ba yarensu ɗaya ba, dole ya koyi cewa abin da ke yashe a hanya ma yana da mai shi. Wannan tarbiyyar ita ce jarin zaman baƙunta.

Wanda ya ci amfanin bishiya kuma ya kamata ya mayar. A 2021 Gana ta ware rana a watan Yuni don dashen bishiyoyi, aka raba tsirrai kyauta. A Nijar ranar 3 ga Agusta ce aka saba yin dashe. Karɓi gwaiba ko lemu ko mangwaro ɗaya, ka nemi izinin mai gidan haya ko limamin unguwa ka dasa. Ko ka tashi ka bar garin, wani zai sha inuwa, ladan yana binka.

Aikin wannan mako ga shi: kowa ya nemo lambar mai injin unguwarsu, ya kuma zagaya da yaransa su ƙirga bishiyoyi biyar da ke kusa da gida, su san sunan kowace da mai ita. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu yi zancen kayan aiki: gatari, gizago, da lanƙwasasshiyar wuƙar rarake cikin cokali, da yadda maƙeran Suame ko na garinku za su ƙera muku ita daga tsohon sifirin mota, da yadda ake wasa ta. 'Yan uwa na Kamaru da Cadi da Binin, ku aiko mana da sunayen itatuwan da masassaƙan wajenku ke amfani da su, mu ƙaru da juna.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu a ƙasar mutane, ya shirya mana zuri'a. Sai mun sake haɗuwa.